Darasi na Bakwai: Ɗigon Ruwa da Tururi a Kwaikwayon Kwamfuta

Wannan darasi zai yi bayani ne a kan yadda masana kimiyya ke amfani da na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, wajen nazarin rabuwar ruwa da tururi. Ana so ɗalibi ya lura da yadda kalmomin gida, irin su tururi da raɓa da hazo, ke ɗaukar batun kimiyya.

Manomin Gatawa, a ƙasar Sabon Birnin Gobir, ya san raɓar da ke kwanciya a ganyen dawa da asuba a ƙarshen damina, ya kuma san da zarar hantsi ya yi sai ta ɓace. Ruwan ya koma tururi ne, ya shige iska. A shekarar 1873 Johannes van der Waals, mutumin Holan, ya bayyana dalilin wannan sauyi: ƙwayoyin abu suna jawo juna idan sun kusanci juna, suna kuma tunkuɗe juna idan aka matse su ainun. Zafi yana warwatsa su, sanyi yana dunƙule su.

Ido ba ya ganin waɗannan ƙwayoyi, shi ya sa ake kwaikwayon su. Akan ƙaddara wani akwati a cikin kwamfuta, a zuba ƙwayoyi na lissafi, a ba kowacce wurinta da saurinta. Kwamfuta sai ta lissafa ja da turin da ke tsakaninsu, ta gusar da kowacce kaɗan, ta maimaita haka sau miliyoyi. Aneesur Rahman, haifaffen Indiya, ya yi wannan aiki a Amurka a 1964 da ƙwayoyin sinadarin argon 864, sannan a 1971 shi da Frank Stillinger suka gwada ƙwayoyin ruwa 216. Adadin ba shi da yawa, domin ɗigo guda na ruwa ya ƙunshi ƙwayoyi sama da biliyan sau biliyan sau dubu.

Abin lura shi ne abin da ke faruwa idan aka rage zafin akwatin. Ƙwayoyin sukan fara taruwa gungu-gungu, amma mafi yawan gungun ba ya jimawa yake watsewa. Ƙaramin ɗigo kusan duk ƙwayoyinsa a baki-baki suke, ba su da maƙwabta isassu da za su riƙe su. Sai wanda ya kai wani mizani na girma ne ke tsira, daga nan kuma ya dinga girma da tururin da ƙananan suka saki. Saboda haka ɗigo yana da wuyar samuwa a iska mai tsabta. Yana buƙatar abin maƙalewa, kamar ƙura ko hayaƙi ko gishirin teku. A sama ma haka gajimare ke samuwa, kuma sai an haɗa ɗigonsa kusan miliyan guda kafin a sami ɗigon ruwan sama ɗaya.

Ƙura ita kaɗai ba ta isa ba. Da hunturu hazon da ke tasowa daga kwarin Bodele na Chadi yakan turnuƙe Isa da Sabon Birni, amma ko yayyafi ba a yi, domin iskar busasshiya ce. Sai iskar kudu maso yamma ta kawo laima daga Tekun Atlantika sannan hadari ke haɗuwa.

Kwamfutocin hasashen yanayi ba sa iya bin kowane ɗigo. Ƙiyasi suke yi bisa ƙa'idojin da gwaje-gwaje da ƙananan kwaikwayo suka samar, kuma nan ne ɗaya daga cikin kafofin da kuskure ke shiga. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara. Manomin da ya yi binnen gero, ruwan fari ya tsirar da shi sannan sama ta ɗauke mako uku, dole ya sake neman iri.

Auna Fahimta: Yi bayanin abin da ya sa hazon hunturu ba ya kawo ruwa duk da yawan ƙurarsa.