Shafin Kokowa a Kasuwa: Amsoshin Wasiƙunku

 Daga nan birnin Tawa muke gaishe ku, na gida da na ci-rani. Saƙonni huɗu na ware yau, kuma duk maganarsu guda ce: saye da sayar da shafukan kokowa na Facebook da YouTube. Kada dattawa su kashe rediyo su ce zancen yara ne, don kuɗin albasa da na raguna ne ke shiga cikin wannan ciniki.

Saƙon farko daga wani saurayi ne a Tamaske. Ga shi yadda ya rubuto: "Wani ɗan garinmu da ke Abijan ya ce shi saida mini shafinai na kokowa, mutum dubu 80 ka biyatai, kuɗin jikka 400. Na samu 'yan kuɗɗi ga albasa. Mi kaka gani?"

To, ƙanena, Allah ya ƙara albarka ga gonar. Ka taɓa ganin mai sayen rago a kasuwar Tawa ranar Lahadi? Ba ya tsayawa daga nesa ya yaba ƙaho. Sai ya buɗe bakin ragon ya duba haƙori, ya lalubi gadon baya, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa, sannan ya taya. Dubu 80 ɗin da aka faɗa maka ƙaho ne. Ka ce ya buɗe maka cikin shafin kuna kan kiran bidiyo, ka ga ƙididdigar da idonka. Hoton da zai turo maka ba shaida ba ne, yaro ma yana iya gyara shi.

Abu uku za ka duba. Na farko, daga ina mabiyan suke? In ka ga Yamai, Maraɗi, Tawa, Sakkwato, Abijan, to mutanenmu ne. In ka ga garuruwan da ko sunan kokowa ba su taɓa ji ba, sayen su aka yi, kuma mabiyin saye ba ya kallo, ba ya tafi. Na biyu, kada ka auna shafin da watan Disamba. Kwanakin gasar kokowa ta Takobi kowane shafi cike yake, ko na jiya. Duba watannin damina, lokacin da 'yan kokowa suna gona. Wanda ya riƙe jama'a a watan Agusta shi ne shafi. Na uku, bidiyon na wane ne? Da yawa daga cikin shafukan nan hoton gidan talabijin na Télé Sahel suke yankowa su manna. A YouTube, in aka yi wa tasha gargaɗi uku kan haƙƙin mallaka, ana iya rufe ta gaba ɗaya. Ka sayi irin wannan, ka sayi rumfar da gara ta cinye ginshiƙinta.

Sai lissafi. A ce ya nuna maka shaidar cewa tallan masu shaguna na kawo jikka 30 a wata. Ka ga sai ka shekara da wata biyu kafin uwar kuɗinka ta dawo, ban da kuɗin intanet da na mota zuwa fili. In kuwa ya ce YouTube ce za ta biya ka, ka sani ba ta fara raba kuɗin talla sai tasha ta kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90, kuma ba kowace ƙasa ce ke cikin tsarin ba.

Ga babbar maganar da dillalai ba sa faɗa. Ƙa'idar Facebook ta hana mutum sayar da asusunsa ko miƙa shi ga wani ba da izininsu ba. Shafi kam ana iya sa masa sabon mai gudanarwa, amma filin ba naka ba ne, ba kuma na mai sayarwa ba. Rumfa ce a kasuwar wani, ranar da mai kasuwa ya ga dama sai ya tashe ta. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In da ni ne, da rabin kuɗin nan zan sayi waya mai kyamara mai kyau, in fara da kokowar garinmu.

Saƙo na biyu daga wani magidanci ne a yankin Keita. Ya ce shekara shida yana bin ƙauyuka bayan kaka yana ɗaukar kokowa da wayarsa, yanzu hidimar iyali ta yi yawa, yana son ya sayar. Ya tambaya nawa zai sa, kuma yaya zai yi kada a cuce shi.

Malam, sannu da ƙoƙari. Kai kana da abin sayarwa na gaske, amma ba adadin mabiya ba ne. Dukiyarka ita ce bidiyon da ka ɗauka da hannunka, da sunan da ka yi, da kuma sanayya: ɗan kokowar da ke ɗaga wayarka, makaɗin da ke bari ka matso kusa da ganga, mai unguwar da ke ba ka wurin tsayawa. A Amurka, kamfanin faɗan nan na UFC dala miliyan 2 aka saye shi a 2001, lokacin yana cikin halin ni-'yasu, aka sayar da shi wajen dala biliyan 4 a 2016. Abin da ya hau da farashin shi ne suna, da tarin faɗace-faɗacen da suka mallaka, da yarjejeniyarsu da 'yan wasa da gidajen talabijin. A nan kusa, tashar Dambe Warriors ta Najeriya da zuwa fili tana ɗaukar damben da kanta ta kai shi idon duniya. Naka ƙarami ne, amma hanyar guda ce.

Don haka ku rubuta takarda, da shaidu biyu, kamar cinikin gona. A ambaci abin da aka sayar ɗaya bayan ɗaya: sunan shafin, tsofaffin bidiyo, lambobin masu talla. In an taɓa yi wa shafin gargaɗi, ka faɗa, ɓoye aibi a ciniki haramun ne, malamanmu kullum suna tunatarwa. Kuɗin kuma a raba shi biyu, rabi kafin alƙalami, rabi ya zauna a hannun amintacce har a gama miƙawa. A YouTube, in tashar irin wadda mutum fiye da ɗaya ke iya mallaka ce, sai sabon mai ita ya kwana bakwai a ciki kafin a mayar da shi babban mai mallaka, saboda haka kada kowa ya yi gaggawa. Kuma ka fito ka gaya wa mabiyanka cewa shafi ya canza hannu. Kai suka yarda da shi. In gobe suka ga tallan caca ko maganin ƙarya a ƙarƙashin sunan da ka gina, kai za a zaga a Keita. Ka ma yi tunani: maimakon sayarwa, ka ɗauki wani yaro ya riƙa zuwa fili kuna raba riba.

Na uku, wata baiwar Allah ce daga Illela. Ta ce ɗanta ya tura jikka 150 ta wurin masu aika kuɗi don sayen wani shafi, aka ba shi kalmar sirri, kwana uku shafin ya koma hannun mai shi, lambar kuma a kashe.

Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Abin da ya faru shi ne an ba yaron makulli, amma ba a canza kwaɗo ba. Muddin lambar waya da adireshin imel na tsohon mai shi suna maƙale da asusun, zai ce ya manta kalmar sirri, a turo masa sabuwa. Kada ku jefar da rasit, kada ku goge hirarsu ta WhatsApp, har muryoyin. Ku kai wa 'yan sanda ko jandarma. Ƙasarmu tana da dokar laifukan intanet tun 2019, kuma damfara damfara ce ko a waya aka yi ta. Ba zan yi miki alkawarin kuɗin za su dawo ba. Amma kada a yi ta yi wa yaron gori, manya ma sun faɗa wannan rami.

Na ƙarshe saƙon murya ne daga wani tsohon ɗan kokowa a wajen Barmu. Ya ce jikansa ya nuna masa hotonsa a waya, yana tsaye da layu a damtse, an ce shafin da ke ɗauke da shi an sayar. Ya ce: "To ni da anka ɗauka, mi ag gare ni?"

Baba, ranka ya daɗe, tambayarka ta fi duk na baya nauyi. A nan Tawa aka fara gasar Takobi a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Tun daga su Kadade Zambo namu na Tawa har zuwa Issaka Issaka na Doso, wanda ya ɗauki takobi na shida a Agadas a ƙarshen 2023, ba a taɓa cika fili don mai kyamara ba. Na taɓa zama a filin kokowa na Hamidin Mai Dare kusa da wani da aka kayar. Ana can ana guɗa, 'yan cali-cali na ba jama'a dariya, shi kuwa yana zaune yana tofar da yashi, ƙanensa na zuba masa ruwa a gwiwa. Wayoyi sun fi ashirin a kansa. Washegari faɗuwar tasa ta zagaye duniya, kuma ban ga wanda ya saya masa ko man zafi ba.

Maganar doka, akwai ofishin kare haƙƙin mallaka na ƙasa, BNDA, a Yamai, da hukumar kokowa ta jiha, su za su fayyace maka matsayinka. Maganar mutunci kuwa ba ta buƙatar ofis. A al'adarmu, in aka sayar da dabba ana fitar da la'adar dillali, makiyayi ma ba a manta shi. Kai mai sayarwa na Keita, da kai mai saye na Tamaske, in cinikinku ya faɗa, ku ware wani abu ku kai wa mutanen da gumin jikinsu ya tara muku jama'ar nan. Ku je da kanku, da goro, ku nemi izini kafin ku sake sa hotonsu. Wanda ya yi haka, ko an rufe shafinsa yau, gobe yana da wanda zai ɗauka.

Lokaci ya cimma mana. Wanda bai ji tasa wasiƙar ba ya yi haƙuri, tana cikin jaka. Baba na Barmu, ka sa jikan nan ya sake kiranmu, muna son jin kirarinka daga bakinka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A kwana lafiya.