Darasi na Shida: Baƙo da Cinikin Gida a Birnin Zazzau

Gabatarwa

Wannan darasi zai duba haɗurran da baƙo ke fuskanta idan ya tashi sayen gida ko fili, tare da keɓaɓɓun kalmomin wannan ciniki. An ɗauki Ƙofar Gayan a matsayin misali, domin unguwa ce da gidajen gado na cikin ganuwa suka haɗu da sababbin filaye na bayan gari. Baƙo a nan ya ƙunshi ɗan wani gari da ɗan wata ƙasa.

Haɗarin Gidan Gado

Yawancin gidajen birni na gado ne, wato magada da dama ke da haƙƙi a cikinsu. Idan ɗaya ya sayar da gidan duka kafin rabo, ya sayar da abin da ba nasa kaɗai ba. Ko da rabonsa kawai ya sayar, fiƙihun Malikiyya ya ba abokan tarayyarsa haƙƙin shuf'a, wato su biya mai saye kuɗin da ya bayar su karɓi wurin. Haka nan akwai gidajen da aro aka bayar da su ko jingina, amma daɗewar zama ta sa ana zaton na mazaunansu ne. Ɗan unguwa ya san wannan tarihi, baƙo kuwa maganar dillali kawai ya dogara da ita, shi kuma dillali la'adarsa ce a gabansa.

Haɗarin Doka

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, domin amfanin 'yan Nijeriya. Saboda haka mai saye izinin zama yake samu, galibi na shekara 99, kuma sauya hannu ba ya inganta sai da amincewar gwamna. Ana iya soke izinin domin aikin jama'a, a biya diyyar gini da shuka ban da ta ƙasar kanta. A Jihar Kaduna, hukumar KADGIS ke ajiye bayanan filaye, KASUPDA kuma ke ba da izinin gini.

Matsalar ɗan wata ƙasa ta fi tsanani. A 2017 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar wani Bajamushe da ya yi gini a kan dutsen Kajuru. Da sunan wani kamfani aka sayi filin, daga baya ya nemi a tabbatar masa da shi. Kotun ta ƙi, bisa dalilin cewa 'yan Nijeriya dokar ta ambata.

Haɗarin Wurin Kansa

Akan cike kududdufi a yanka shi filaye, alhali nan ne matattarar ruwan unguwa. Wanda ya saya da rani ya yi cinikin biri a sama, sai damina ta faɗi zai gane. Fili a jikin ganuwa ko a kan hanyar da aka shata kuwa, rusau ne ƙarshensa. Don haka ake cewa araha ba ta ado.

Kammalawa

Ya kamata mai saye ya tuntuɓi mai unguwa da maƙwabta, ya ga shaidar rabon gado, ya binciki takardu a hukuma, sannan a rubuta ciniki gaban shaidu. Matambayi ba ya ɓata. Wajibi ne ɗalibi ya ƙware a waɗannan kalmomi, domin malami ne ake yawan kai wa takardar ciniki ya karanta ko ya rubuta.

Auna Fahimta

1. Bambanta aro da jingina da sayarwa.
2. Mene ne shuf'a, kuma wa ke da haƙƙinta?
3. Tattaro kalmomi goma na cinikin gida daga bakin dillalan garinku.