Shin Kowa da Irin Hanyar Karatunsa?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. 

Yawancinmu a nan Garwa muna haɗa islamiyya da lise. Jarrabawa uku ke gabanmu: BEPC, sai Probatoire, sai Bak. Idan ta matso sai ka ji wani ya ce: "Ni fa sai na ji da kunne nake ganewa." Wata ta ce ita sai ta ga zane a allo. To, gaskiyar maganar ina take?

A 1987 wani malami a ƙasar Niyu Zilan, Neil Fleming, ya kasa masu koyo gida huɗu: masu gani, masu ji, masu karatu da rubutu, da masu yi da hannu. Ra'ayin ya bazu a duniya. Amma a 2008 Harold Pashler da abokan aikinsa suka duba binciken da aka yi a kai, ba su sami hujja mai ƙarfi ba cewa koyar da ɗalibi ta hanyar da ya fi so tana ƙara masa maki. Darasin ne ke zaɓar hanyarsa. Tajwidi sai da kunne da baki. Taswirar kogin Binuwai sai da ido. Lissafi kuwa, in ba ka ɗauki biro ka warware da kanka ba, ka yi asarar dare.

Me ke taimakon kowa da kowa? Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mutum yana saurin mance sabon karatu in bai waiwaye shi ba. Maganinsa bita a kai a kai, da rufe littafi ka gwada kanka. Ai wannan mun san shi! Ba a wanke allo sai an biya wa malam da ka, kuma tilawa ce ke riƙe hadda.

Sai dai mu kiyaye: hadda kaɗai ba ta rubuta insha'in Faransanci ko amsa tambayar falsafa. Bayan ka haddace, ka bayyana wa abokinka da Hausa ko Fulatanci. Inda ka yi tuntuɓe, nan ne ba ka gane ba.

Mu ware lokaci bayan asuba, tun zafin Maris da Afrilu bai taso ba. Iyayenmu kuma a riƙa tambayarmu: "Me ka koya yau?" Da yayyafi kogi kan cika.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.