Wuƙaƙen Cikin Tantani: Yadda Jiki Ke Gane Maƙiyinsa

A cikin marasa lafiyar da ke zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Gyaɗi-Gyaɗi, akwai masu tarin fuka. Mai karatu zai iya tambaya: yaya ƙwayar wannan cuta, wadda Robert Koch ya gano a 1882, take shekara da shekaru a huhun mutum garkuwar jiki ba ta gama da ita ba? Amsar tana wurin wasu sinadaran furotin da ake kira inzayim.

Dakarun jiki da ake kira tantanin T ba sa gane maƙiyi sai an yanko ɗan guntunsa an ɗora musu a kan wani faifai mai suna MHC, kamar yadda mai talla ke ɗora kayanta a ka. Zinkernagel da Doherty ne suka gano wannan ƙa'ida a 1974, aka ba su lambar Nobel a 1996.

To, wa ke yankan? Idan bairos ya shiga tantani, wata injin niƙa mai suna furotiyasom ce ke daddatsa furotin ɗinsa, sannan wani inzayim ya rage tsawon guntayen har su dace da faifan. Idan kuwa tantanin da ke haɗiye ƙwayoyin cuta, watau makarofaj, ya haɗiyi bakteriya, sai ya kulle ta cikin 'yar jaka, ya haɗa jakar da wata mai ɗauke da inzayim ɗin katefsin. Waɗannan wuƙaƙe ba sa kaifi sai a cikin tsami.

A nan ƙwayar tarin fuka take yin wayonta. Takan hana jakunkunan biyu haɗuwa, ta kuma hana tsamin taruwa. Wuƙa ta dakushe, abin da zai hau faifai ya ƙaranta, ɓarawo ya kwana a ɗakin dogari. Idan kuma ƙanjamau ya karkashe tantanin T masu duba faifan, sai cutar da ke barci ta farka.

Saboda haka garkuwar jiki tana bukatar taimako. Duk wanda tarinsa ya wuce mako 2, ya je a gwada majinarsa. Wanda aka ɗora a kan magani kuwa, ya cika watanni 6 ɗin nan, ko da ya ji sauƙi tun a wata na biyu.