Darasi na 24: Littattafan da Za Mu Karanta

Jama'a, yanzu kun iya haɗa baƙi da wasali. Madalla. Amma karatu kamar fartanya yake, in an jingine ta sai ta yi tsatsa. Wanda ya daina karatu, baɗi sai ya koma neman mai karanta masa wasiƙa, asirinsa ya tonu. Maganin wannan shi ne littafi.

Littattafai iri biyu ne, na hira da na labarin gaskiya.

Cikin na hira ku fara da Magana Jari Ce, na Abubakar Imam. Na farkonsa ya fito a 1937. Aku ne ke ba ɗan sarki labaru gajeru, kowanne ana iya gama shi a zama ɗaya. In ido ya saba, ku ɗauki Shaihu Umar, na Abubakar Tafawa Ɓalewa, na 1934. Labarin yaro ne da aka raba da uwarsa zamanin bauta.

Cikin na gaskiya ku nemi Kano Ta Dabo Cigari, na Alhaji Abubakar Dokaji, na 1958. A ciki za ku ji labarin birnin Kano da sarakunansa.

In ɗayanku ya shigo birni, ya tambayi masu sayar da littattafai a Kasuwar Kurmi. Ku haɗa kuɗi ku sayi guda, ku riƙa karantawa bi da bi. Shafi ɗaya kullum ya isa.

Tambayoyi
1. Wa ya rubuta Shaihu Umar?
2. Me ke samun wanda ya daina karatu?