Za a sake rufe boda? Alamomin takunkumi kafin ya sauka

Da zarar an ji cacar baki tsakanin Abuja da Yamai, tambaya ɗaya ce ke zagaye Kasuwar Monday ta Kakuri har rumfunan Sabon Tasha: za a sake rufe boda? Mai wannan rubutu, wanda sana'arsa ita ce samar wa 'yan kasuwa manyan motoci da shirya musu takardun kwastam, ya sha jin ta daga masu albasa, wake da dabino. Wani sai ya ja shi gefe ya ce, "Alhaji, tsakani da Allah, in loda ko in dakata?" Amsar ba ta bukatar duba. Takunkumi yana da alamomi.

Abu na farko shi ne a bambanta zafin baki da aiki. Sojoji sun hamɓarar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023. Ranar 30 ga watan shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi: rufe iyakoki, dakatar da ciniki, daskarar da kadarorin gwamnati. Kwana huɗu ke nan kacal. A farkon Agusta Najeriya ta yanke wutar lantarki, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga Najeriya take zuwa. Irin wannan takunkumi ECOWAS ta ƙaƙaba wa Mali a Janairun 2022 bayan sojoji sun ɗage zaɓe. Amma a Disambar 2024, da shugaban mulkin sojan Nijar, Janar Abdourahamane Tiani, ya fito a talabijin da Hausa yana zargin Najeriya da haɗa baki da Faransa, mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro a lokacin, Nuhu Ribadu, ya musanta, maganar ta tsaya nan. Wasu 'yan kasuwa sun kimshe kaya suna jiran tsada, tsadar ba ta zo ba.

Wanda kayansa ke hanya a Agustan 2023 ya ga ta kansa. Motoci sun yi layi a Jibiya da Illela, albasa tana zubar da ruwa a ƙarƙashin tamfol, direba yana bugo waya kullum yana neman kuɗin abinci, mai mota kuma yana lissafin kwanaki. Ba a rubuta wanda zai ɗauki asara ba, sai rigima ta dawo Kakuri.

Na biyu, a duba wa takunkumin zai ciza a gida. Jihohi bakwai ne ke iyaka da Nijar, daga Kebbi har Borno, ga auratayya ga kasuwanni irin na Maigatari. Shi ya sa Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da amfani da ƙarfin soja, malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau suka tafi Yamai, Janar Yakubu Gowon kuma ya rubuta wasiƙa yana roƙon a sassauta. Ranar 24 ga Fabrairun 2024, gab da azumi, ECOWAS ta janye akasarin takunkumin. Ranar 13 ga Maris Shugaba Tinubu ya ba da umarnin buɗe boda da mayar da wuta. Bazoum bai koma mulki ba. Gwamnatin da ta ɗanɗana wannan ba za ta yi gaggawar maimaitawa ba.

Ga shi kuma tun 29 ga Janairun 2025 Nijar, Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS a hukumance, suka riƙe ƙungiyarsu ta AES. Ba a hukunta wanda ba ɗan ƙungiya ba da dokar ƙungiya.

A ganin mai wannan rubutu, babban takunkumi irin na 2023 da wuya ya dawo nan kusa. Abin tsoro shi ne matakin da gwamnati ke ɗauka ita kaɗai, ba taro ba wa'adi. A Agustan 2019 Buhari ya rufe iyakoki saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, aka wayi gari kawai, kuma sai Disambar 2020 aka fara buɗewa. A Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi sai zuwa Mali da Burkina Faso. A Maris na 2025 AES ta sa harajin kashi 0.5 cikin 100 kan kayan da ake shigo da su daga waje. Irin waɗannan ba sa jiran juyin mulki. Ƙarancin abinci ko na kuɗin shiga ya isa.

Don haka ɗan kasuwa ya rage bin saƙonnin murya na WhatsApp, ya riƙa sauraron sanarwar kwastam da ta Majalisar Ministocin Nijar, ya kuma lura da yadda damina ta kasance a Maraɗi da Damagaram. Kayan gwari kada a zuba musu jari gaba ɗaya a mota guda. Kafin a loda, a zauna da mai mota a rubuta a takarda, gaban shaidu, wanda zai biya kuɗin kwana idan boda ta rufe da kaya a hanya.