Darasi na Tara: Tsufa da Garkuwar Jiki

Gabatarwa

A wannan darasi za a duba dalilin da ya sa garkuwar jiki take yin rauni idan shekaru suka ja. A watan Afrilu na 2020, a Daura aka fara tabbatar da ɓullar cutar korona a Jihar Katsina, har gwamnati ta rufe garin. A duniya baki ɗaya kuwa, tsofaffi ne cutar ta fi hallakawa. Wannan darasi zai bayyana ɗaya daga cikin dalilan haka.

Garkuwar Jiki

Garkuwar jiki ita ce tsarin da ke kare mutum daga ƙwayoyin cuta. Manyan dakarunta su ne fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ake ƙirƙira a cikin ɓargo. Wani rukuni daga cikinsu yakan ƙosa ne a wata 'yar gaɓa da ke bayan ƙashin ƙirji, mai suna taimos. Wannan gaɓa takan yi ta ƙanƙancewa bayan balaga. Saboda haka tsoho ba ya samun sababbin dakaru da yawa da za su gane baƙuwar cuta.

Tsatsar Cikin Jiki

Duk lokacin da ƙwayoyin halitta suka ƙona abinci da iskar oksijin domin samar da kuzari, sukan fitar da wasu sinadarai masu kaifi. Waɗannan sinadarai sukan ci ƙwayar halitta kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. A 1956 wani masani ɗan Amurka, Denham Harman, ya kawo ra'ayin cewa taruwar wannan ɓarna tana daga cikin musabbaban tsufa.

Sai dai sinadaran ba sharri ne zalla ba, domin da su ne fararen ƙwayoyin jini suke kashe ƙwayoyin cuta. Abin da jiki ke bukata shi ne daidaito tsakaninsu da sinadaran da ke dakushe kaifinsu, irin su gulutatayon, wanda jiki ke haɗawa da kansa, da bitamin C da E, waɗanda ake samu daga abinci. Idan tsufa ya zo, gulutatayon yakan ragu, sai ma'auni ya karkata. Daga nan dakarun jiki sukan yi nawar hayayyafa, kumburi mai ɗorewa ya samu gindin zama, rigakafi ma ya rage tasiri.

Matakan Kariya

Kasuwannin ƙasar Daura, kamar ta Mai'aduwa, ba su rasa abincin da ke taimaka wa wannan daidaito. Akwai bitamin C a garin 'ya'yan kuka da gwaiba da ganyen zogale, akwai kuma bitamin E a gyaɗa. A lura cewa doguwar dahuwa tana lalata bitamin C. Hayaƙin taba da na itacen girki kuwa suna ƙara tsatsar.

Yawaita shan ƙwayoyin bitamin ba tare da shawarar likita ba yana da haɗari. Wani bincike da aka wallafa a 1994 kan mashaya taba a ƙasar Finlan ya nuna cewa ƙwayoyin sinadarin bita-karotin sun ƙara yawan kamuwa da sankarar huhu.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa lafiyar garkuwar tsoho ta dogara a kan daidaito. Kula da cimarsa da nisanta shi daga hayaƙi hakki ne a kan iyalinsa.

Auna Fahimta

1. Me ya sa aka kamanta sinadarai masu kaifi da tsatsa?
2. Wane amfani suke yi wa fararen ƙwayoyin jini?
3. Kawo nau'o'in abinci uku na yankinku da suka dace da tsofaffi, tare da dalili.